Tsagar Bahago

Ƴaƴana biyu na farko suna da tsagar Gobir irin ta ubansu, daga gefen baki har kusa da kunne. Na ukun fuskarsa a shafe take, haka ma waɗanda suka biyo bayansa. Mutane sukan ce zamani ne, wai tun da lakwal, makarantar boko, ta yawaita aka daina yanka fuskar yara. Nakan bar su a haka. Amma ni na san ba zamani ne ya tsayar da aska a gidanmu ba. Tayar mota ce, da kuma yayana.

Mu wanzamai ne, mutanen Alela. Inna ta rasu ina goye, Baba kuma ya bi ta ban isa aure ba. Wanda ya rage mini uwa ɗaya uba ɗaya shi ne Yaya. Shi yake ɗora ni a wuya in za mu ƙetare ƙorama da damina, shi ya sayo mini zanen sallar da na fara ɗaurawa, shi kuma ya ba da aurena. In na ce zan je gida, wurinsa nake nufi. Auta yake ce mini, har na haihu bai daina ba.

Yaya bahago ne. Baba ya yi ta fama da shi ya koma dama, har da ɗaure masa hannun hagu, abin bai yiwu ba, sai ya haƙura ya koya masa aikin a haka. Da Baba ya rasu, zabirarsa da duk asaken da ke ciki suka koma hannun Yaya. Kowane wanzami da hannunsa, kamar yadda kowace mace take da hannun tuwonta. Shi Yaya in ya ja aska ya kai ƙarshen layi, yakan ɗaga ta da ɗan karkace, sai bakin tsagar ya lanƙwashe kaɗan kamar ƙugiya. Tsofaffin mata suna son abin. Sukan kama haɓar yaro su juya ta su ce, "Wagga ta bahago ta, ko cikin taro kana gane ta." Shi ya yi wa ɗiyata ta fari, shi ya yi wa ƙanenta. Ba wanda ya taɓa kawo zancen kiran wani wanzami.

Aure ne ya kawo ni Konni. Maigidana direba ne, yana da ƴar mota mai rumfar tamfol a baya, irin wadda muke kira bashe. Yana ɗaukar mutane da buhuna zuwa Dogarawa da Malbaza, wani lokaci har Illela. Mutum ne mai sanyin magana, bai damu da tufafi ba, abinci kuma duk abin da na ajiye masa zai ci ya yi hamdala. Abu ɗaya ne ba ya sassauci a kansa, shi ne taya. Duk tashar Konni an san shi da wannan. In ya nufi wurin masu sayar da taya, abokansa direbobi sukan ɗaga murya.

"Ga mai neman aure nan! Ku hito da ɗiyanku, amma ku sani sai ya duba haƙoransu!"

Shi kuma ya ce, "Ku yi ta dariya. Amarya in ta yi yaji gidansu za ta. Taya in ta yi yaji, da kai za ta tahi."

Ba ya sa taya a mota sai ta zo gida ya zauna da ita a tsakar gida. Nan yake kirana ina tsakiyar daka.

"Ke ɗiyar wanzamai, aje taɓaryar nan ki zo ki gani. Taya ma tana da tsagarta."

A wurinsa na ji cewa tayar ƙasarmu maƙiya biyu gare ta, rana da ruwa. Da bazara hanya takan yi zafi har ba a taka ta ƙafa ba takalmi, iskar da ke cikin taya ta kumbura, in fatar ba ta da kauri sai ta fashe. Don haka yake neman mai zare da yawa a ciki, kuma ba ya cika mata iska tam da safe, yakan ce a bar wa rana nata wurin. Yakan duba gefenta ko ya yi faso irin na diddige. Tayar da ta daɗe a jingine cikin rana, in ji shi, ta mutu ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Da damina kuma jar hanyar nan takan zama laka mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Sai ya sa yatsana cikin zanen tayar ya ja shi zuwa gefe.

"Kin ga wanga zane? Indararo na. In shina da zurfi, kuma bakinsa ya buɗe waje, ruwa da laka su samu hanyar hita. In ya suɗe, mota ta hau bisa ruwa kamar ƙwarya, sitiyari ya zan abin wasa."

Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne irin ranakun tsakiyar damina, da hantsi rana ta gasa hanya, da la'asar ruwa ya sauko a kanta. Tayar da za ta iya da duka biyun a yini ɗaya yake nema.

Yadda yake dubawa ma ba ya sakewa. Zai zaro tsinken ashana ya tsoma a cikin zanen ya ga iya inda ya nutse. Zai gara tayar daga bakin zaure zuwa gindin rumbu yana bin ta da ido, ko za ta yi tangaɗi. Na ƙarshe, zai sa hannu ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje, ya matsa, yana zagayawa a hankali, idonsa a rufe. Wannan yake kira jin nama. Yakan ce zane ido ke ganinsa, amma naman da ya rage a ƙarƙashin zanen sai hannu. Na ga haka sau da yawa, har na san lokacin da zai taɓe baki tun bai taɓe ba.

A shekarun da ake yaƙi a Najeriya kaya suka yi wuya, taya ta fi komai. Sababbi ba sa zuwa, tsofaffin ma sai da roƙo. Tayoyin gaba na maigida sun suɗe har sun fara sheƙi, ga damina ta gabato, ga ni kuma da ciki na uku. Sai ya riƙa fita yawon neman taya ya dawo hannu biyu, ya zauna gefen motar yana kallon gabas inda gizagizai suka fara taruwa.

A lokacin Yaya ya bar Alela ya koma ƙetaren iyaka, cikin Najeriya, garin da su ma suke kira Illela kamar tamu. Ya ce wanzanci ya ja baya, samari sun koma wa masu almakashi, saboda haka ya kama harkar taya. Wata rana da hantsi, maigida yana tasha, sai na ji sallamarsa. Ya kawo mini goro da sabulu, ya ɗauki yaran yana juya su. Ya sha fura, sannan ya ce ya ji labarin halin da muke ciki.

"Auta, ina raye mijinki shi shiga damina da tsirarar taya? Ina da biyu na aje, ban nuna ma kowa ba. Ki gaya mishi, na gida na."

Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina. Da maigida ya dawo ban bari ya gama wanke hannu ba na faɗa masa. Ya ce Allah ya saka wa Yaya da alheri.

Bayan ƴan kwanaki Yaya ya iso da su a kan jaki, an rufe su da tsohon buhu. Da aka sauke, baƙi wuluk, suna ƙyalli, zanen nan zurfi kamar yau aka yi shi. Maigida ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Yayan mata a wurinmu suruki ne, balle wannan da shi ya tsaya a matsayin uba ranar ɗaurin aure. Ba a haɗa ido da shi, ba a ja masa magana, ba a taya kayansa.

Yaya ya daki ɗaya da tafin hannu ya ce, "To, likitan taya, ga su nan. Duba."

"Haba Yaya," in ji maigida, kansa a ƙasa.

"A'a, duba mana. An ce kai ba ka yarda da kowa."

"Kayan da ya hito hannunka ba ya son dubawa."

Ina tsaye a ƙofar ɗaki. Na ga hannunsa ya tafi aljihu inda kwalin ashana yake, ya taɓa shi ta waje, ya dawo ya sauka a kan gwiwa. Na yi murmushi a raina, na ce wannan mutum yana girmama danginmu. Yaya kuwa ya ce tunda ya zo, ba zai tafi ba sai ya ga an ɗaura su, ya sa albarka. A gabansa aka kwance tsofaffin aka sa nasa. Ba a gara su zuwa gindin rumbu ba, ba hannun da ya shiga cikinsu.

Daga nan Yaya ya riƙa zuwa Konni duk Laraba, ranar kasuwa. Ina jin daɗi, don nakan dafa masa abin da yake so. Sai dai ba ya daɗewa a gida. Tasha yake wuni, a kan benci, gefen motar maigida.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa. Ranar da abin ya faru, rana ta buɗe tun safe da zafi mai nauyi, na shanya wanki ya bushe kafin azahar. Da la'asar hadari ya haɗu, ruwa ya zuba. Ina kwashe kaya sai wani abokin maigida, direba shi ma, ya yi sallama jiƙe sharkaf, ya tsaya a zaure bai shigo ba. Ya ce kada in tsorata, da ransa. A gangaren da ke kusa da Dogarawa tayar gaba ta fashe, motar ta zame a laka ta juya ta kwanta cikin rami. Mutanen baya sun zubo a kan buhuna, sun ƙuje, Allah ya tsare. Maigida ne ƙarfe ya danne masa gwiwar hagu.

Ya yi kwanaki a likita, wato asibiti, sannan aka dawo da shi gida aka kira mai ɗori. Gwiwar ta haɗu, amma ba ta ƙara lanƙwashewa yadda take ba. Ita ce ƙafar da direba yake taka kuloci da ita. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba, amma duk mun san tuƙi ya ƙare. Da jandarma suka tambaye shi, ya ce dutse ne mai kaifi a ƙarƙashin laka. Haka ya gaya wa duk mai zuwa gaisuwa, haka ni ma na riƙa faɗa.

Da aka jawo motar, an jefo fasasshiyar tayar a bayanta, aka yar da ita gindin rumbu. Wani mai yin takalman taya ya ce yana so. Na ga ba kyau a ba mutum kaya da laka, sai na ɗebo ruwa wata safiya na zauna da ƙyar, don cikin ya tsufa, na fara wankewa da soso.

Baƙin da ke jikinta ya riƙa fita a hannuna, ashe shafa shi aka yi. Na sa yatsa cikin zanen ina ƙwaƙule laka. Na bi layi ɗaya har ƙarshe, yatsana ya ɗan karkata. Na bi na biyu, ya sake karkata. Ban yi tunanin komai ba tukuna, hannuna dai ya ci gaba da bi, kuma kowane layi in ya zo ƙarewa sai ya lanƙwashe kaɗan, gefe ɗaya, kamar ƙugiya. A gindin zanen, inda ta tsage, ga zaren tayar nan a fili, an yanke shi ƙwar, ba tsinkewa ya yi ba. Na sa hannu ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje, na matsa yadda na saba gani. Yatsuna suka kusa haɗuwa.

Ɗiyata ta fari ta zo wucewa da tulu. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban saba kallon fuskarta kai tsaye ba, haka muka taso muka ga ana yi da ɗan fari. Na ce, "Ke, aje tulun nan ki zo." Ta zo tana mamaki. Na kama haɓarta da jiƙaƙƙen hannuna na juya kumatunta wajen rana. Na bi tsagar da yatsa daga gefen baki zuwa kunne. A ƙarshe ta lanƙwashe. Yarinyar ta tsaya kamar an dasa ta, ta ce, "Inna, laihi na yi?" Na ce a'a, ta je ta kai ruwanta. Na bar mata baƙin taya a kumatu.

Na tashi daga wurin. Da na shiga ɗaki maigida yana kishingiɗe, ƙafar a miƙe bisa matashi. Na zauna bakin gadon.

"Malam, ba dutse ba ne."

Na matsa kusa da shi na ci gaba.

"Tsohuwar taya ce da ta suɗe, aka sa aska aka yi mata sabon zane. Na ga hannun."

Ya juya fuska wajen bango. Can ya ce, "Tun bakin hanya na gani. Ina kwance cikin laka, ga ta nan dab da idona."

"Mi ya hana ka faɗa mini?"

"Yayanki na. Wa gare ki bayan shi?"

Sai ya ƙara da abin da ya fi cin ransa, wanda bai shafi ƙafar ba. Ya ce direbobi da dama a tasha sun sayi taya hannun Yaya a wannan daminar. Ba su duba ba su ma. Yaya yakan nuna musu gaban motarmu ya ce, ga su nan ƙarƙashin mutumin da ba ya yarda da kowa. Tun yana likita ya aika a asirce aka gaya musu kowa ya kwance tasa, bai faɗi dalili ba, ya ce dai zuciyarsa ce ba ta kwanta ba. A nan na gane zaman bencin nan na ranar Laraba. Ni ina gida ina soya masa albasa.

Yaya ya zo gaisuwa bayan an kwana biyu, da zakara a hannu. Ya zauna wurin maigida ya yi ta addu'a, maigida yana amsawa da amin, kansa a ƙasa kamar kullum, har da ƙoƙarin tashi zaune don girmamawa. Da ya fito na ce masa ya zo ya ga wani abu. Na kai shi gindin rumbu. Ban ba mai takalman tayar ba, na bar ta a wanke.

"Yaya, wannan aikin wa ne?"

Ya dube ta, ya dube ni, ya yi ƴar dariya. "Auta, yaushe kika zan makanike?"

"Ni ba makanike ba ce. Ɗiyar Baba ce ni. Na san hannunka."

Dariyar ta tsaya. Ya gyara hula, ya waiga ko akwai mai ji. Ya ce kowa haka yake yi a can ƙetare, ana ɗora aska a garwashi ta yi ja, a bi tsohon zane a zurfafa shi, kuma motoci suna yawo da su lafiya lau. Ya ce shi ya ɗauka za su kai kaka. Ya ce ƙaddara ce, in kwana ya zo ko sabuwa fil fashewa take. Ina sauraro, ban katse shi ba, don ina jiran kalma ɗaya da na tabbata za ta fito. Da ya ce mini ya yi kuskure, ko ya ce talauci ne ya kai shi, wallahi da na yi kukana na share hawaye mun wuce wurin.

Abin da ya ce shi ne, "Kuma ni ban ce mishi sababbi na ba. Gabanki anka yi. Na ce shi duba, har sau biyu. Shi ya ƙiya."

Na ce, "Ka san ba zai duba ba."

"To wannan kuma laihina na?"

Na kalle shi. Fuskar nan ce dai da na sani tun ban san kaina ba, da ɗan tabon da ke girarsa wanda ya samu ranar da ya faɗo daga kan kanya yana tsinko mini ƴaƴa. Na tuna ba wurin maigida ya fara zuwa ba, wurina ya zo da goro da sabulu, a lokacin da ya san maigida ba ya nan. Ya san zan yi murna, ya san zan kai saƙon da bakina, ya san mutumin da ke cire masa takalmi ba zai sa hannu cikin kayansa ba. Duk ya auna mu tun daga can.

Ban ɗaga murya ba, ban iya ba ma. Na ce masa abinci yana ɗaki. Ya ci, ya tafi.

Gero yana fitar da kai na haihu, namiji. Aka aika wa dangi, aka aika wa Yaya, don in ba a aika ba sai gari ya tambayi dalili. Kwanakin jegon nan ina wanka ina shan kunu, amma hankalina yana kan abu ɗaya. Ranar suna wanzami zai zauna ƙofar ɗakina, a miƙa masa jinjiri, ya aske gashin, ya yi masa tsagar ubansa. Na tambayi maigida abin da ya gani. Ya ce tsagar tasa ce, amma wanzamin nawa ne, duk abin da na yi daidai ne.

Da safe aka raɗa suna a waje, aka yi fatiha, aka raba goro. Sai Yaya ya shigo cikin gida da babbar riga, zabirar Baba a rataye a kafaɗarsa. Mata suka yi ta yi masa kirari irin na wanzamai, wata tsohuwa tana cewa yau ma za su ga ƙugiyar bahago. Ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakin, ya buɗe zabirar, ya jera asake a kan fata, ya zuba ruwa a ƴar ƙwarya. Gwaggon maigida ta miƙo hannu za ta karɓi yaron ta kai masa. Na ce ta bari, ni zan fito da shi.

Na zauna a dokin ƙofa, yaron a cinyata. Yaya ya ɗauki askar da ake tsaga da ita, ƴar siririya mai ƙotar ƙaho, yana wasa ta a tafin hannu. Ya ga ina kallonta. Sai ya miƙo mini ita ta wajen ƙota, yana murmushi don mata su ji.

"Mai jego na tsoro? Ga ta, Auta. Duba."

Na karɓa.

Na juya askar wajen haske na duba bakinta tun daga gindi har tsini. Na juya ɗaya gefen. Na gwada ta a farcena. Na shinshina ta, ko zan ji ƙaurin roba. Na kama ƙotar na girgiza in ji ko ta yi kwance. Ban yi sauri ba, na bi ta a hankali yadda maigida yake bin taya. Tsohuwar nan ta ce, "Ikon Allah, yau ƙanwa ke duba ma wanta aska?" Wasu suka yi dariya suna zaton wasa ne.

Askar lafiyarta lau. Babu tsatsa, babu alamar wuta, kaifi kamar ranar da Baba ya bar ta. Na ɗaga ido, Yaya kuwa nasa yana kan buzu. Hannunsa na hagu yana buɗe a kan gwiwa yana jiran in mayar masa.

Na ajiye ta a kan fatar, can gefe, ban sa a hannunsa ba. Na ɗauki faffaɗar da ake aski da ita na miƙa masa.

"A yi mishi aski kawai, Yaya. Damina ce, miki ba ya saurin warkewa. Tsaga sai gaba."

Gwaggo ta ce ai da damina aka yi wa yayyensa ma. Maigida yana zaune can bakin zaure da sandarsa, ƙafar a miƙe. Ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "A bar shi yadda ta ce."

Yaya ya aske kan yaron. Ko ƙwarzane bai yi masa ba, ni kuma ban saki yaron daga cinyata ba har ya gama. Ya wanke askar, ya goge, ya mayar da kowace gidanta, ya naɗe zabira. Ana kiransa ya tsaya a ba shi rabonsa na naman rago, ya ce yana da uzuri a ƙetare, hadari kuma yana haɗuwa.

Kaka ta zo ta wuce. Maigida ya sayar da abin da ya rage na motar, ya koma gonar ubansa yana noma da ƙafa ɗaya da rabi. Direbobi ba su daina kawo masa taya gida ya duba musu ba, yana zaune a kan turmi, hannu ɗaya ciki ɗaya waje. Da Yaya kuwa muna haɗuwa wurin biki da ta'aziyya, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara. Ya ga yaron yana rarrafe, ya gan shi yana gudu, ya gan shi ya shiga lakwal da fuskarsa a shafe. Bai taɓa tambayata yaushe za a yi tsagar ba. Tun ranar sunan nan kuma bai sake ce mini Auta ba, ni ma in na ce zan je gida, sai in rasa inda nake nufi.